Wane Irin Sikeli Doka Ta Yarda A Yi Ciniki Da Shi?

Mai Shagon Sanyi, Kano

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina neman a wayar mini da kai game da sana'ar da nake shirin farawa. Na kama shago a unguwarmu inda zan riƙa sayar da kifi da kaji na firiza, kuma kamar yadda kuka sani, irin wannan kaya da kilo ake sayar da shi. Na sayi sikelin lantarki a kasuwa, mai ɗaukar kilo 40, irin wanda ake danna masa farashi ya buga lissafin kuɗi da kansa, kuma mai kayan ya tabbatar mini cewa ko giram 2 aka ɗora masa zai nuna. Da na buɗe kwalin sai na ga an rubuta da Turanci a takardar da ke ciki cewa ba a amince a yi ciniki da shi ba. Na koma wurin mai kayan, ya ce in manta da wannan rubutu, kowa da irinsa yake aiki.

Abin da nake so in sani shi ne, da gaske akwai doka a Najeriya da ta yi magana a kan sikelin da ɗan kasuwa zai yi awo da shi, ko kuwa manyan kamfanoni da gidajen mai kaɗai ta shafa? Idan akwai, wace hukuma ce ke kula da ita, ƙaramar hukuma ce, ko jiha, ko hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki? Sannan na gwada sikelin da robar ruwa mai lita ɗaya, ya nuna kilo ɗaya da 'yan giram kaɗan, wanda na ɗauka nauyin robar ne. Shin wannan bai wadatar ba? Ba na so in fara sana'a da cin haƙƙin mutane cikin rashin sani, kuma ba na so wata rana a zo a ɗauke mini sikeli ana tsakiyar ciniki.

Tsohon Jami'in Awo

Wa alaikumus salam. Malam, ka kyauta da ka yi wannan tambaya tun kafin ka auna wa kowa komai, domin yawancin mutane sai an tsaya musu a ƙofar shago suke fara neman sani.

Dokar tana nan, kuma ba sabuwa ba ce. Ita ce Dokar Awo da Ma'aunai wadda gwamnatin soja ta kafa a 1974, a shekarun da ƙasar ta bar awon Ingila na laba da yadi da galan ta koma kilo da mita da lita, kuma tana cikin kundin dokokin tarayya na 2004 a babi na W3. Tsarin mulkin 1999 ya sanya al'amarin awo cikin jerin abubuwan da majalisar tarayya kaɗai take da ikon yi wa doka, saboda haka kilo ɗaya a Dawanau dole ya zama kilo ɗaya a Legas da Fatakwal. Mai aiwatar da dokar shi ne Sashen Awo da Ma'aunai na Ma'aikatar Masana'antu, Kasuwanci da Zuba Jari ta Tarayya, kuma ofishin ma'aikatar da ke jiharka za ka nufa. Hukumar SON aikinta ingancin kayayyaki ne, tana kuma da cibiyar awo ta ƙasa a Enugu, amma tantance sikelin da ake karɓar kuɗin mutane da shi aikin wancan sashen ne.

Dokar ba ta duba girman shago ba. Abin da ta duba shi ne ko abin da na'urar ta nuna shi ne yake yanke kuɗin da wani zai biya ko zai karɓa. Idan haka ne, to sikelin mahauci, da na mai cika tukunyar gas, da na mai sayen gwal, da na 'yan gwangwan da ke sayen ƙarafa, da babban sikelin da tirela take hawa a kamfanin shinkafa, duk hukuncinsu ɗaya. Sikelin da uwargida take auna fulawa da shi a kicin ko wanda mutum yake hawa ya ga nauyinsa ba ruwan doka da su, har sai ranar da aka ɗauko su aka fara sayar da kaya da su.

Matakai biyu ne sikeli yake bi kafin ya halatta, kuma mutane suna yawan haɗa su. Na farko shi ne amincewa da samfurin. Wannan nauyi ne a kan wanda ya ƙera ko wanda ya shigo da kayan, shi zai kai samfurin a duba ƙirarsa, a tabbatar yana riƙe daidaitonsa kuma ba a iya murɗa shi cikin sauƙi, sannan a ba shi takarda. Na biyu shi ne tantance sikelinka kai kanka, wato wannan da ke kan teburinka mai lambarsa ta daban. Sufeto zai ɗora masa duwatsun awo waɗanda aka riga aka tabbatar da nauyinsu, tun daga ƙaramin nauyi har zuwa iyakar abin da yake ɗauka, idan ya ci jarrabawa a sa masa hatimi a wurin da ake daidaita shi, a kuma ba ka takardar shaida. Takardar tana da wa'adi, idan ya cika sai an sake tantancewa, haka kuma duk lokacin da aka yi gyaran da ya sa aka karya hatimin.

Laifukan da dokar ta ambata sun haɗa da yin ciniki da ma'aunin da ba daidai ba, da yin ciniki da wanda ba a tantance ba, da bai wa mai saye ƙasa da abin da ya biya, da ƙirƙirar hatimin bogi, da hana sufeto yin aikinsa. Sufeto yana da ikon shiga wurin kasuwanci ya gwada ma'auni, ya kuma ƙwace wanda ya saɓa. Ka lura da laifi na biyun da kyau, domin shi ne amsar tambayarka ta robar ruwa: ko da sikelinka yana auna daidai, rashin tantancewar kansa laifi ne. Gwajin ruwa yana nuna maka ko na'urar ta yi mummunar karkata ne kawai, kuma a wurin kilo ɗaya kaɗai, alhali sikeli yana iya yin daidai a kilo ɗaya ya yi ƙarya a kilo 15.

Akwai wani abu kuma da na sha gani. Sikeli da yawa da ake shigowa da su suna da maɓallin da ke juya awo daga kilo zuwa laba, ita kuwa laba giram 454 ce, ba ta kai rabin kilo ba. Marar tsoron Allah yakan bar shi a laba, allon ya nuna 2, ya ce wa mai saye kilo biyu ne, alhali ko kilo ɗaya bai cika ba. A kilo da giram ake ciniki a ƙasar nan, kuma ni da zan zaɓar maka, wanda ba shi da wannan maɓalli sam zan zaɓa, don kada yaron shago ya danna shi bisa kuskure ko da gangan.

Shawarata ita ce ka mayar da wannan da ka saya. Wanda ya ƙera shi da kansa ya faɗa maka a rubuce cewa ba na ciniki ba ne.

Injiniyan Sikeli, Zariya

Ina goyon bayan duk abin da Baba, tsohon jami'in awo, ya faɗa, zan ƙara bayanin yadda za ka gane sikelin ciniki da idonka kafin ka biya kuɗi.

Akwai ƙungiyar ƙasa da ƙasa mai kula da awon doka, OIML, wadda aka kafa a 1955 mai hedikwata a Paris, kuma ƙa'idarta mai lamba R 76 ita ce masu ƙera sikeli na gaskiya suke bi. Ta kasa sikeli aji huɗu. Aji na farko na ɗakin bincike ne, na biyu shi ne wanda ya dace da gwal da sauran kaya masu tsada da ake auna su da giram, na uku shi ne na shago da mahauta da sito, na huɗu kuma na awon da ba ya bukatar tsanani, kamar yashi da tsakuwa. Naka na aji uku ne ya kamata ya zama. Ka duba jikinsa, kusa da allo ko a farantin ƙarfen da ke gefe, za ka ga layuka uku a tsaye cikin wani zagaye mai kama da ƙwai, tare da sunan kamfani, da lambar na'urar, da abubuwa uku: Max, wato iyakar nauyin da yake ɗauka, da Min, wato mafi ƙarancin nauyin da ya halatta a sayar da shi, da harafin e, wato tazarar awon da aka tantance.

Bari in ba ka misali da wanda ya fi yawa a shaguna, mai Max kilo 30 da e giram 10. Idan ka raba kilo 30 da giram 10 za ka sami tazara 3,000. Min ɗinsa tazara 20 ne, wato giram 200, ma'ana idan mace ta zo sayen abin da bai kai giram 200 ba, wannan sikeli bai dace da cinikin ba, domin kuskurensa zai yi yawa a kan ɗan abin da ta saya. Kuskuren da aka yafe masa ranar tantancewar farko shi ne giram 5 daga sifili zuwa kilo 5, giram 10 daga kilo 5 zuwa kilo 20, sannan giram 15 daga nan zuwa kilo 30, sama ko ƙasa. Idan yana cikin aiki aka zo dubawa, ana ninka waɗannan sau biyu. Ka ga ke nan doka ba ta nemi abin da ba zai yiwu ba, ta san ƙarfe yana gajiya, amma ta ja layi.

Yanzu ka yi wannan lissafi da naka. Kilo 40 a raba da giram 2 ya ba da tazara 20,000, alhali aji uku ba ya wuce 10,000. Abin da mai kayan ya tallata maka a matsayin inganci shi ne babbar alamar cewa ba a tantance samfurin ba. Sanya allo ya riƙa nuna ƙananan lambobi abu ne mai sauƙi, wahalar tana wurin sanya ƙarfen da ke ƙarƙashin faranti ya riƙa ba da amsa ɗaya safe da rana, yau da gobe.

Daga nan sai yanayinmu, wanda shi ne ya fi damuna. Idan ba a rubuta wani abu daban a jikin sikeli ba, an gwada shi ne ya yi aiki tsakanin digiri 10 ƙasa da sifili zuwa digiri 40, mu kuwa a watan Afrilu da Mayu zafi yana haura 40 a inuwa, balle a rumfar kwano ko a bakin titi inda rana take dukan faranti kai tsaye. Ka ajiye shi a inuwa, nesa da bayan firiza inda zafi yake fita, kuma kada fanka ta riƙa hura farantin. Akwai wata 'yar ƙwayar iska cikin ruwa a jikinsa, ka murza ƙafafunsa har ta tsaya a tsakiyar da'ira, kuma duk lokacin da aka matsar da shi a sake dubawa. Ruwan da ke tsiyaya daga kifi shi ne babban makashin sikeli a irin shagonka, saboda haka ka nemi mai jikin ƙarfen da ba ya tsatsa wanda aka rufe cikinsa. Na sha buɗe sikelin da aka kawo gyara in tarar ba abin da ya lalace, ɓawon kifi ne ya bushe ya tokare ƙarƙashin faranti, ko kyankyasai sun yi gida a kan wayoyi.

Ko da sikeli ya zo da takardar tantancewa daga ƙasar waje, ba ta isar maka, dalili kuwa shi ne, sikelin lantarki ƙarfin da ƙasa take jan kaya da shi yake ji, wannan ƙarfi kuwa ya fi yawa a ƙasashen da ke can arewa, yana raguwa idan ana kusantar layin da ya raba duniya arewa da kudu ko ana hawa tudu. Tsakanin Landan da Kano bambancin ya kai kusan giram 3 a kowane kilo. Sikelin da aka daidaita a can aka kawo nan ba tare da an sake daidaita shi ba zai nuna kilo 20 da gibin kusan giram 60, kuma a wannan karon kai mai shago ne kake asara, domin sai ka ƙara kaya kafin allon ya cika.

Hajiya Mai Kaji, Kaduna

Gaskiya ni ina da ɗan ja a kan wannan magana. Na daɗe a wannan sana'a, kuma a iya abin da na gani, jami'an awo sun fi zuwa gidajen mai da manyan kantuna da kamfanoni, ƙananan shaguna irin namu ba safai ake leƙo su ba. Waɗanda suke zuwa mana sau da yawa mutane ne da ba ka san daga ina suke ba, su ce a biya kuɗin sikeli, su karɓa su tafi ba tare da sun ɗora ko dutse ɗaya a kai ba. Wannan ne ya sa 'yan kasuwa da yawa suke ɗaukar maganar tantancewa a matsayin wata hanyar karɓar haraji kawai.

Kuma a yi mana adalci, tauyewar ba daga wurinmu take farawa ba. Za ka sayi kwalin kifi an rubuta kilo 20, ka buɗe ka cire kwali da leda da ƙanƙara, ka tarar kifin bai kai ba, kuma ba wanda za ka kai wa kuka. Ɗan'uwa mai tambaya, ka sayi sikeli mai kyau, wannan ba na musu a kai, amma ka riƙa auna kayan da dillalai suke kawo maka kafin ka sa farashi, in ba haka ba gibin zai ci ribarka, daga nan kuma zuciya take fara raya wa mutum ya fanshe a kan masu saye.

Almajiri

Hajiya ta faɗi gaskiya a kan inda ɓarnar take farawa, amma rashin zuwan jami'i bai sauke nauyin daga kan mai awo ba. Sura guda a Alƙur'ani, Suratul Muɗaffifin, ta buɗe ne da narkon azaba ga masu cika ma'auni idan su ne za su karɓa, su tauye idan su ne za su bayar, kuma mutanen Madyana da aka aiko musu Annabi Shu'aibu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, tauye mudu da sikeli yana cikin abin da ya halaka su. A hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa mai awo ya auna ya kuma rinjayar. Wanda ya san ma'auninsa abin shakka ne ya ci gaba da aiki da shi, ba zai kafa hujja da rashin sani ba.

Ina so kuma a lura da tire da leda. Mutum kifi ya zo saye, kuma kifi zai biya. A ɗauka misali kilo yana naira 4,000, tire da ruwan da ya taru a cikinsa kuma giram 50 ne, to kowane awo an ci naira 200 ta wani, idan aka yi awo 50 a yini an tara naira 10,000 da ba ta halatta ba, duk da cewa sikelin kansa lafiyarsa ƙalau kuma da hatiminsa.

Mai Shagon Sanyi, Kano

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na duba jikin sikelin kamar yadda Injiniya ya ce, babu alamar aji, babu Min, babu e, ko lambar na'ura babu, saboda haka zan mayar da shi. Baba, saura tambaya biyu. Ta yaya zan bambance jami'in gaskiya da irin waɗanda Hajiya ta ambata? Sannan idan sikelin ya lalace ana tsakiyar kasuwa na kai wa mai gyara ya buɗe shi, dole ne in dakatar da ciniki har sai an sake tantancewa?

Tsohon Jami'in Awo

Amin, Malam. Kada ka jira a zo maka, kai ka je ofishin da kanka da sabon sikelin da rasit ɗin sayensa, ka nemi a tantance, ta haka za ka san fuskokin ma'aikatan da kuma inda za ka tambaya idan wani baƙo ya zo. Tun a wurin saye ka nemi dillalin ya nuna maka takardar amincewa da samfurin, ka kuma duba cewa sunan samfurin da ke takardar shi ne a jikin na'urar. Jami'in gaskiya yana ɗauke da katin shaida na ma'aikatar, yana zuwa da duwatsun awo, yana gwadawa a gabanka, har da ɗora nauyi a kowane ɓangare huɗu na faranti don ya ga ko amsar tana canzawa, kuma kuɗin aikin asusun gwamnatin tarayya ake biyansa a ba ka rasit. Wanda ya zo hannu rabbana ya ce ka ba shi kuɗi ya manna maka takarda, ka nemi sunansa da katinsa ka kira ofis.

Game da gyara, ya danganta da abin da aka taɓa. Canza batir ko wayar caji ko goge ƙarƙashin faranti ba ya shafar hatimi. Amma idan aka karya hatimin, ko aka canza ƙarfen da ke jin nauyi, ko aka shiga wurin daidaitawa, tantancewar farko ta faɗi, kuma bai halatta ka ci gaba da sayarwa da shi ba sai an sake. Shi ya sa duk mai shagon da cinikinsa ya dogara da kilo ya kamata ya mallaki sikeli biyu da aka tantance, ɗaya yana aiki ɗaya yana ajiye. Ka sayi dutsen awo na kilo ɗaya da na kilo 5 daga wurin masu sayar da kayan awo, ka riƙa ɗorawa kowace safiya kafin ka buɗe, kuma kada a riƙa tokare ƙofa da su ko a bar su cikin ruwa, domin tsatsa da ɓantarewa suna canza nauyinsu.

A wurin ciniki kuma, ka sa sikelin inda mai saye zai ga faranti da allo ba tare da ya leƙa ba, shi ya sa na shago suke da allo gaba da baya. Ya ga sifili kafin a ɗora kaya, idan da tire a danna maɓallin cire nauyinsa a gabansa, a karkaɗe ƙanƙarar da ta manne, a cire hannu daga faranti, a jira lamba ta tsaya kafin a faɗi kuɗi.

Hajiya, kukanki yana da wurin kaiwa. Nauyin da aka rubuta a jikin kwali na kayan da ke ciki ne ban da kwalin, kuma dillalin da ya ba ki ƙasa da abin da kika biya ya shiga laifi ɗaya da mai shagon da ya tauye. Ki auna a gaban direban da ya kawo kayan, ki rubuta abin da ya fito a bayan takardar kaya ya sa hannu, sannan ki kai wa sashen awo ko hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu saye, wadda dokar 2018 ta kafa. Idan ƙungiyarku ta 'yan kasuwa ta tattara irin waɗannan takardu daga shaguna da yawa ta kai su tare, za a fi saurin ɗaukar mataki fiye da idan ke kaɗai kika je.